Sabon ɗalibi a Jami'ar Maraɗi: daga tashar mota har ka san gari

Tun da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito tambayoyi suke zuwa mini daga Tasawa, Dakwaro, Mayahi, Gidan Rumji, har Tawa da Damagaram, kuma kusan duk iri ɗaya ne: an tura ni Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ban san kowa a Maraɗi ba, da me zan fara? Wasu iyaye ne ke tambaya a madadin ƴaƴansu mata. To ga amsar a jere. Jerin nan shi ne muhimmi, domin yawancin wahalar da sabon ɗalibi ke sha a watansa na farko tana zuwa ne daga yin abu na huɗu kafin na ɗaya. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙanwata, maganar har da ke.

1. Takardu, tun kana gida

Kada ka hau mota sai ka haɗa waɗannan a jaka ɗaya ta roba mai zip: shaidar cin bak, takardar makin da ka samu, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, katin shaida, da ƙananan hotuna masu yawa. Kowace takarda ka yi mata fotokofi aƙalla biyar, ka kai ofishin magajin gari a buga musu hatimi. Za ka ga kamar sun yi yawa, amma rajista za ta ci nata, neman ɗaki zai ci nasa, dosiyen bursu, wato takardun neman kuɗin tallafin karatu, ma haka.

Takardar zama ɗan ƙasa ita ce ta fi tsayar da mutane. Kotu ke bayar da ita, kuma ana neman takardun mahaifi ko na mahaifiya, waɗanda suke can a akwatin gida. Wanda ya iso Maraɗi babu ita, komawa zai yi, ya biya kuɗin mota sau biyu.

Gargaɗi: ka jera takardun nan a tabarma ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwarka harafi bayan harafi. In wata ta ce Mahamadou wata ta ce Mamadou, ka gyara tun yanzu. Ƙaramin bambanci irin wannan yana iya biyo ka har ranar karɓar digiri. Takardu na asali kuma ba a barin su hannun kowa. A nuna, a mayar jaka. Ka ɗauki hoton kowace da waya ka aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye.

2. Ranar isowa

Ka zaɓi motar da za ta sauke ka da rana. Daga Yamai tafiyar ta haura kilomita 600 a kan babbar hanya ta 1, saboda haka motar asuba ta fi. Daga Damagaram ko Ƙonni abin da sauƙi. Kafin ka taso, ka samu wanda zai sauke ka na kwana uku zuwa mako ɗaya: ɗan'uwa, abokin mahaifinka, ko ɗalibin garinku da ya riga ka. Kusan kowane yanki yana da ƙungiyar ɗalibansa a jami'a, kuma tarbar sababbi na daga cikin aikinsu. Ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu wajen malamanka na lise.

A bakin tasha ƴan kabu-kabu da masu adaidaita za su yi maka caa. Kada ka miƙa jaka sai kun gama ciniki. Ka faɗi unguwa da wata alama sananniya, masallaci ko gidan mai, ka ji kuɗin, sannan ka hau. In ka ce "jami'a" kawai, ka ƙara da wane ɓangare, domin ba duk azuzuwa da ofisoshi ne suke wuri ɗaya ba. Sunan da za ka fi ji shi ne Ali Ɗan Sofo, unguwar da ake taƙaitawa da ADS.

Ka riƙo ƴar tsaraba ga mai masaukinka, ko ƙuli-ƙuli ne. Ana lura da wannan.

3. Rajista

Jami'ar ta tsaya da ƙafarta a 2010, kuma manyan rassanta su ne tsangayar kimiyya da fasaha, ta aikin gona da muhalli, ta kiwon lafiya, da cibiyar koyon fasaha ta IUT. Kowane reshe da ofishinsa na kula da ɗalibai da allon sanarwarsa. Abin da aka liƙa a allon nan shi ne doka, ya fi abin da aka turo a gurup na WhatsApp.

Ga yadda za ka bi:

Da farko ka je allon reshenka ka ga sunanka da idonka, ka kwafe jerin takardun da ake nema da adadin kuɗin rajista na bana. Na biyu, ka biya kuɗin a inda sanarwa ta ce, ka karɓi rasit, ka yi masa fotokofi nan take. Na uku, ka kai dosiye ofishin kula da ɗalibai da sassafe, don layi yana tsawo da zarar rana ta ɗaga. Na huɗu, ka je sashenka a rubuta ka cikin aji da rukunin aikin gwaji. Mutane da yawa suna tsayawa a na uku su ɗauka sun gama, sai ranar jarrabawa a nemi sunansu a rasa.

Da rasit da shaidar rajista a hannu sai ka nufi CROU, hukumar da ke kula da ɗakunan kwana, gidan abinci, motocin ɗalibai da ɗakin shan magani. Bayan nan ka haɗa dosiyen ANAB, mai kula da bursu da tallafin ɗalibai. Shi yana da ranar rufewa, kuma ba ya jiran kowa.

Gargaɗi: duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka kawo kuɗi da takardu ya shigar maka ta hanya, ka gode masa ka wuce. Kuɗin da babu rasit ba ka biya ba. Kuma kada ka ɗora lissafin watanninka na farko a kan bursu. Dosiye yana ɗaukar lokaci kafin kuɗi su sauka, don haka ka zo da guzurin da zai riƙe ka.

4. Wurin kwana

Nan ne zan daɗe, domin nan ne kuɗin iyaye suka fi salwanta.

Ka fara neman gado a site, wato ɗakunan jami'a. Ya fi kowane wuri araha, ga ruwa da wuta, ga resto, gidan abincin ɗalibai, kusa. Sai dai masu nema sun fi gadajen yawa, don haka ka ajiye buƙatarka da wuri kuma ka ci gaba da neman ɗaki a gari a lokaci guda. In wani babban ɗalibi ya ce ka raɓa da shi kafin ka samu naka, ka karɓa da godiya, ka kuma sa hannu a sayen sabulu da sukari ba sai an tambaye ka ba.

In haya ce, ka auna unguwa da ƙafarka. Ɗakin da za ka iya takawa daga shi zuwa aji ya fi ɗaki mai araha a can Zariya ta ciki ko tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo, in har kullum sai ka hau kabu-kabu zuwa da dawowa. Ka ninka kuɗin babur ɗin sau kwanakin karatu na wata, ka ɗora a kan kuɗin hayar, sannan ka kwatanta. Sau da yawa mai arahar shi ne mai tsadar.

Ka je ganin ɗaki sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i. Da rana ka duba waɗannan:

Ka ɗaga kai ka kalli rufi. Tabon ruwa a silin ko haske da ke ratsowa ta kwano yana nufin damina za ta same ka a kan katifa. Ka sunkuya ka kalli gindin bango daga waje: in ka ga layin danshi ko gishiri ya fito fari-fari, ruwa yana kwanciya a wurin. Ka lura ko daɓen ɗakin ya fi titi tudu. Maraɗi gari ne mai yashi, kuma in an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta wasu layuka komawa suke hanyar ruwa. Ka buɗe famfo da hannunka. Ka shiga makewayi, ka ƙirga ɗakuna nawa ke amfani da shi. Ka ja ƙofa da taga ka ga ƙarfinsu. Ɗaki mai taga ɗaya da rufin kwano marar silin ba ya zaunuwa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Da dare kuma za ka ga abin da rana ta ɓoye: ko layin yana da haske, ko akwai injin niƙa ko gidan kallon ƙwallo jikin bangonka, da irin mutanen da ke zama a ƙofar gidan.

Sai maganar wuta da ruwa. In kwantar gidan, wato mitar wuta ko ta ruwa, ɗaya ce, ka tambayi yadda ake raba kuɗin, da ƙwan fitila ne ko da ɗaki, kuma ko akwai tsohon bashi a kanta. Ka tambayi ɗan hayan da ke ciki, a gefe, ba gaban mai gida ba.

Kada ka biya dillali kuɗin haya. Ladansa daban, a kuma yanke shi tun kafin ya nuna maka ɗaki. Kuɗin haya hannun mai gida ake sa su, gaban shaida. Ka je da babba in da hali. Ka gaisa a tsanake, sannan ka ce: "Baba, ni ɗalibi ne, iyayena suna nesa. Ina roƙon a rubuta mini ƴar takarda, don in suka tambaye ni in nuna musu." Dattijo ba ya ƙin wannan in an faɗa da ladabi. Takardar ta ƙunshi kuɗin wata, watanni nawa ka biya gaba, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, da wanda gyara yake kansa. Ka kuma tambaya tun yanzu ko za ka ci gaba da biya lokacin dogon hutu. Rigimar da ta fi yawa tsakanin ɗalibai da masu gida a kan wannan take.

Gargaɗi: kada ka biya shekara ɗaya a dunƙule a gidan da ba ka taɓa kwana ba. Wata biyu ko uku sun isa gwaji. Ranar shiga ka sa sabon kwaɗo naka.

Ga ƴan mata, shawarata site ce, ko gidan da iyali suke zaune a ciki, inda akwai uwar gida da za ta san fitarki da dawowarki. Ki gaishe ta kullum, ki gaya mata in za ki yi dare a karatu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, ita ce za ta fara leƙowa.

Abokin ɗaki kuwa, ku yi magana uku kafin ku haɗa kaya: kuɗin abinci, baƙi, da lokacin kashe fitila.

5. Kayan ɗaki

Katifa, tabarma, gidan sauro, bokiti biyu, buta, jarkar ajiye ruwa, ƙaramar tukunyar gas, tukunya biyu, fitila mai caji. Sun isa. Fanka sai bazara ta matso, bargo sai hunturu.

Babbar kasuwa tana cika ranakun Litinin da Juma'a, kuma kusan duk abin da ke cikin jerin nan akwai shi. Ka je da wanda ya san gari, da ɗan gari akan ci gari. Ka taya a shago uku kafin ka saya. Kaya da yawa daga Najeriya suke shigowa ta Ɗan Isa, shi ya sa farashinsu ke motsi da canjin naira. Kafin ka je kasuwa ma, ka tambayi masu gama karatu. Da yawa suna sayar da katifa da gas a rabin kuɗi don ba za su iya ɗauka zuwa gida ba.

6. Kuɗi da ciki

Ranar da aka aiko maka kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, kada ka wuce da su wurin mai tsire. Ka raba su a ranar. Misali, a ce jika 30 ake aiko maka a wata: ka ware 8 na kasonka na haya da wuta, 12 na abinci, 4 na fotokofi da kuɗin waya, 3 na abin hawa, 3 kuma ka ɓoye su inda kai ma sai ka sha wahala kafin ka taɓa. Na ƙarshen nan na magani ne ko tafiyar gaggawa. Adadin zai bambanta da aljihun kowa, amma rabon ya zama a ranar farko.

Daga kuɗin abinci ka fara sayen tikitin resto na wata gaba ɗaya. Gwamnati ke tallafa wa abincin, babu inda za ka ci a wannan farashi a gari, kuma tikiti a aljihu yana nufin ko kuɗi sun ƙare ranar 20 ga wata ba za ka kwana da yunwa ba. Sauran ka sayi abin da ba ya lalacewa: shinkafa, wake, garin rogo, man gyaɗa, yaji, sukari. In daga ƙauye kake, buhun gero ko tiyar wake daga gida sun fi kuɗin da za a ba ka a madadinsu amfani.

Abincin titi kuma Maraɗi ba ta da na biyu wajen sauƙinsa. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake ko dambu da zogale, da la'asar awara ko fura da nono. Ka tsayar da mai abinci ɗaya mai tsabta, wadda kwanukanta suke rufe kuma ruwan wankinta ba ya yin baƙi kafin ta canza. Ka riƙa ce mata Inna ko Hajiya, ka biya a kan lokaci. Wata rana za ta ɗaga maka ƙafa.

Gargaɗi: wuraren cacar ƙwallo da na waya sun cinye kuɗin rajistar yara da yawa. Ina faɗin wannan da ciwon zuciya. Kada ka gwada ko da dala ashirin.

7. Zirga-zirga

Ka koyi lokutan motar ɗalibai da inda take tsayawa. Adaidaita ta fi kabu-kabu araha in kun cika ta, ta kuma fi kwanciyar hankali ga mata. In za ka daɗe, tsohon keke yana mayar da kuɗinsa cikin ƴan watanni, sai dai ka saya masa sarƙa da kwaɗo a rana ɗaya. Katin ɗalibi da katin shaida su zauna a aljihunka kullum.

8. Makonnin farko a aji

Tsarin karatun lisans shekara uku ne, kowace shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30. Ma'anarsa a aikace ita ce darasin da ka bari a zangon farko yana nan yana jiranka a matsayin bashi. Ba kamar lise ba ne inda malami zai bi ka. Wani malamin daga wata jami'a yake zuwa, ya ba da darasin zango ɗaya cikin ƴan kwanaki safe da yamma, ya tafi. In ka yi tafiya gida a wannan makon, ka rasa darasin ɗungurungum. Saboda haka ka karɓi lambar delege, wato wakilin ajinku, a ranar farko, kuma kada ka bar gari ba ka tambaye shi ba.

Ka zo anfi, babban zauren darasi, da wuri ka zauna gaba. Ka nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wajen ƴan shekara ta biyu. Ku haɗa rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar, kada ya wuce haka, in ya wuce ya zama fada. Ita fadar ma ba laifi ba ce, shayi da hira suna sauke gajiya, kuma a nan ake jin labarin ɗakin haya da aka tashi daga ciki ko aikin koyar da yara a gida. Ka dai sa mata lokaci.

9. Lafiya

Gidan sauro tun daren farko, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. In jikinka ya yi zafi, ka je ɗakin shan magani na jami'a ko likita mafi kusa a yi maka gwajin jini kafin ka sha komai. Ka bar maganin da ake tallansa a faranti cikin rana. Lokacin ƙura da zafi, ciwon kai mai tsanani tare da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, a tafi babban asibiti a take.

10. Sanin gari, daga kusa zuwa nesa

Sai ka gama duk na sama sannan wannan, amma kada ka bar shi. Ina jin takaicin ɗalibin da zai shekara uku a Maraɗi bai san komai ba sai hanyar ɗakinsa da anfi.

Ka fara da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da dandalin da ke gabanta. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta fi, ka ga dogarai da jajayen kaya da masu algaita. In Sallah ta same ka a gari, kada hawan ya wuce ka. Ka sa tufa ta mutunci, ka cire takalmi inda ka ga ana cirewa, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini wajen dogari.

Daga nan ka gangara wajen Gulbi da yamma. A kwarin nan tsohon garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Da rani za ka tarar da lambuna da inuwar mangwaro, wuri mai sanyi da za ka iya zama da littafi. Da damina kuwa ka tsaya daga nesa. Ruwan Gulbi yana zuwa da ƙarfi ko da ba a yi ruwan sama a gari ba, don daga Najeriya yake gangarowa, kuma ba wurin wanka ba ne.

Filin kokawa yana ɗauke da sunan Yakuba Kantu, ɗan jihar nan da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975. Lokacin sanyi ake zaɓen ƴan kokawar jiha, kuma ko ba ka damu da kokawa ba, kiɗan da kirarin sun isa su kai ka. Ka bar babbar waya a ɗaki, cunkoso ne.

Ɗaliban aikin gona, wurare biyu naku ne tun kafin malami ya kai ku: cibiyar kiwon jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da fadamar noman rani ta Jiratawa, kudu da gari kaɗan, inda zogalen da kuke ci a dambu yake fitowa. Ku je da safe lokacin ban ruwa, ku gaida manomi da "sannu da aiki, Baba", ku tambaye shi sau nawa yake yankan zogalensa da abin da yake yi wa tsutsa. Abin da zai faɗa muku a tsaye bakin gonarsa zai sa darasin aji ya zauna.

Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, tana nan kusa a kan hanyar Yamai, tafiyar rabin yini ce zuwa da dawowa. Madarumfa kuwa, mai tafki da kaburburan waliyyai 99 a kewayensa, tana wajen kilomita 20 da ƴan kai kudu. Ita ce ta fi cancantar a ware mata yini guda. Ku haɗu ku biyar ko shida, da ɗan yankin a cikinku, ku yi karo-karon kuɗin mota, ku tashi da safe. Bayan damina tafkin ya fi cika, tsuntsaye sun fi yawa, kuma za ku samu soyayyen kifi a bakin ruwa. In za ku shiga kwalekwale, ku yi ciniki tun a tudu, kada ku yarda a cika shi fiye da kima. Wajen kaburburan ku bi abin da mai kula da wurin ya ce.

Gargaɗi: yankin kudu da ke bin iyaka ya sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu. Kafin ku tafi ku tambayi mutanen Madarumfa halin da hanya take ciki a wannan makon, ku gaya wa wani inda za ku, ku tsaya a gari da bakin tafki, kada ku zarce dajin Baban Rafi, kuma ku kamo hanyar Maraɗi tun la'asar.